Martani Ga Mai Cewa Binciken Fosfaras Aikin Banza Ne

Malam, ka rubuta cewa nazarin ƙwayoyin fosfaras masu caji a cikin iska bai shafi talaka ba. Leƙa shagunan hatsi na Kakuri ko Sabon Tasha tukuna. Maganin da ake jefawa cikin buhun wake, wanda 'yan kasuwa ke kira bom, da ya sha laima sai ya saki iskar fosfin, fosfaras ɗaya riƙe da haidurojin uku. Tana kashe ƙwari, tana kuma iya kashe yaron da ya kwana ɗaki ɗaya da buhun. A ɗakin gwaji akan fizge mata ilektaron ɗaya, na'ura ta karanta nauyinta 34, a gane ko ta saura a waken. Wannan ilimin ka raina? Ka janye maganarka.