Mutanen Dogo, Mu Riƙe Ƴar Ƙaramar Waya

Ƴan uwa maza da mata, mutanen Dogo, mutanen Damagaram, ku zo mu yi magana kan abin da ke cikin aljihunmu.

Ku tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana. Dare ya yi tsawo. Masu manyan wayoyi na shafawa suka yi cirko-cirko a rumfar mai caji, kowa da waya a hannu kamar gawa. Wa ya ci gaba da kira? Wa ya ci gaba da haska tocila? Mai ƴar ƙaramar waya mai maɓalli, wadda ake yi wa dariya. Caji ɗaya, kwana da kwanaki. Ta faɗi daga kan amalanke, a ɗauka, a hure ƙura, a mayar da batir, ta tashi.

To, wannan ƴar ƙaramar ta yi ƙanwa mai shiga intanet. Manhajar da ke tafiyar da ita sunanta KaiOS. Ba ta kai Android ƙarfi ba, ba ta kai iPhone suna ba. Ita ce auta, ita ce marainiya a wannan kasuwa. Kuma ita nake kiranku ku dafa wa.

Ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Uwarta ta taɓa zuwa. A 2015 kamfanin Orange ya fitar da wata waya mai suna Klif, mai manhajar Firefox OS ta ƙungiyar Mozilla, a kan kuɗin da bai wuce Yuro 35 ba, kusan jika 23 ke nan, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka tsara kai ta. Ba ta yi tsawon rai ba. A 2016 Mozilla ta naɗe tabarmarta, aka ce an gama. Ashe an bar iri a ƙasa. A 2017 wasu suka ɗauki abin da ta bari suka gina KaiOS. A Indiya aka saka ta cikin JioPhone, talakawa suka yi ta saye. A 2018 Google da kansa ya zuba mata dalar Amurka miliyan 22. Kafin 2019 ta ƙare, wayoyin da ke ɗauke da ita sun haura miliyan 100. Abin da aka yi wa jana'iza ke nan fa!

Zan faɗa muku gaskiya, don ba a kiran jama'a da ƙarya. A 2025 WhatsApp ya janye daga kanta. Wannan duka ne mai zafi, musamman a wurinmu da saƙon murya ya zama wasiƙar kowa. Wasu sun ce wannan karon kam ta mutu. Haka suka ce a 2016.

Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina. Ku dubi Dogo. Ku dubi ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga bakin kwalta har cikin fadamun Korama. Mutum nawa ne ke da wuta a ɗakinsa? Mutum nawa ne zai sayar da akuya biyu ya sayi gilashin da zai tsage ranar da ya faɗi a gonar rake? Muddin akwai manomi, muddin akwai makiyayi, muddin akwai mai tallan fura da ke ƙirga dala-dala, wayar da ba ta cin caji, ba ta cin kuɗi, tana da masu ita. Mu ne masu ita. Abin da ya rage shi ne ta koyi aikinmu, ta koyi bakinmu.

Kuma mu Damagarawa, raini ba sabon abu ba ne a wurinmu. Wannan masarauta da ƙanƙanta ta fara, tana kai gaisuwa Barno. Sai ga zamanin Sarki Tanimun: aka ja ganuwa, maƙeran birni suka narka ƙarfe suka zuba igwa da hannunsu. Ba su jira a kawo musu daga Tarabulus kaɗai ba. Suka duba, suka kwaikwaya, suka ƙera. Jikokinsu ne za su kasa rubuta manhaja?

Ku ji nan, ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder, da ku matasan da ke zaman fada kuna shan shayi. Manhajojin KaiOS da kayan rubuta shafin intanet ake yin su: HTML da CSS da JavaScript. Ba sai da kwamfuta mai tsada ba. Wanda ya iya haɗa shafi ya kama hanya. Ku zauna. Ku rubuta mana abin da zai gaya wa manomin Dogo nawa tiyar gero take a Kasuwar Dole kafin ya ɗora buhu a mota. Ku rubuta wanda zai tuna wa uwa ranar rigakafin ɗanta. Wanda zai riƙe wa matan adashi lissafinsu, kar a yi rigima ranar kwasa. Ku yi shi ƙarami, mara nauyi, wanda zai buɗe ko rezo na sanda ɗaya. Ku yi shi da Hausa. Ku sa masa murya, don kakarku ma ta amfana.

Maganar murya, nan kowa yana da aiki, ko bai taɓa shiga lakwal ba. Mozilla tana da wani shiri, Common Voice, inda ake tara muryoyin mutane kyauta don na'ura ta koyi jin harsuna, kuma akwai Hausa a ciki. Idan muka yi shiru, na'ura za ta tashi da kunnen Kano kaɗai. Ba laifin Kanawa ba ne, su sun yi magana. Mu ma mu yi. Yaro mai karatu ya zauna kusa da babansa, ya karanta masa jimla, baba ya faɗa da bakin Damagaram. Ku kai wa inna. Ku kai wa malam a tsangaya. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuwa bai kamata ya tsaya a bakin ƙofar waya yana sallama ba.

Ƴan kasuwa masu saro waya daga Kano da Maraɗi, ku sako mana ita cikin kaya. Ku jera ta gaba, kar ku ɓoye ta ƙarƙashin tebur. Masu gyara, ku buɗe cikinta ku san ta, ku ajiye batir da maɓallanta. Masu saye, ku tambaya da suna. Ku ce mai maɓalli mai intanet nake so. Yau a ce babu, gobe ku koma. Ɗan kasuwa ba ya jin tambaya sau goma ya ƙyale.

Ku je ofisoshin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom ku ce a yi wa ƙaramar waya ƙunshin intanet daidai aljihun talaka. Ku gaya wa masu aika kuɗi, su Nita da Al Izza, su yi manhajar da za ta hau kanta. Ku gaya wa hukumomin gari. Ku kira gidan rediyo ku faɗa.

Kar ku jira Yamai. Kar ku jira baƙo. Ranar kasuwa mai zuwa, wanda ke da ita ya fito da ita, ya nuna wa na kusa da shi yadda ake latsawa. Ɗalibi ya buɗe kwamfuta daren yau. Mai murya ya ba da murya. Ku tashi, Dogo, mu fara!