Takardar 'Yan Sanda Ba Ta Tsayar da Jini

A ƙofar sashen gaggawa na asibitoci da dama a Najeriya, akwai tambayoyi biyu da kan riga magani isa ga wanda aka kawo jina-jina: ina takardar 'yan sanda, kuma wane ne zai biya? Mai yin tambayar yakan yi ta ne da fuskar wanda ke tsaye a kan doka, yana ganin ya kare kansa ya kuma kare wurin aikinsa. Gaskiyar magana ita ce, a daidai wannan lokacin shi ne mai karya doka a fili, kuma dokar da yake fakewa da ita babu ita a kundin dokokin ƙasa. An daɗe ana binne mutane saboda wata ƙa'ida da ba a taɓa rubutawa ba, alhali ƙa'idojin da aka rubuta, aka sa musu hannu, suna kwance a cikin durowa ƙura na cin su.

Kafin a shiga batun doka, ya kamata a tuna abin da ke faruwa a jikin mutum yayin da ake wannan jayayya. Baligi yana ɗauke da jini kusan lita biyar ne kacal. Idan harsashi ko ƙarfen mota ya tsinka babbar jijiya, mintuna kaɗan sun isa ya zubar da abin da zai kai shi kabari. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara mutuwa cikin minti huɗu zuwa shida da yankewar iska. Wanda aka tura ofishin 'yan sanda ya nemo takarda zai ratsa cunkoson gari, ya tarar jami'in da zai sa hannu ya fita, ya jira, ya yi bayani, sannan ya dawo. Ko da komai ya tafi daidai, zai yi wuya ya dawo kafin awa guda. Ma'aikacin lafiya ya fi kowa sanin wannan lissafi, domin shi aka koya wa a makaranta. Saboda haka idan ya ce sai an kawo takarda, ya san abin da ya zaɓa wa majinyacin.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 bai bar wata kafa ba. Ya haramta wa ma'aikacin lafiya da asibiti su hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili. Bai ware asibitin gwamnati daga na kuɗi ba, bai ware mai hali daga talaka ba, bai kuma ce sai an san sunan majinyaci ko an ga danginsa ba. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira dubu ɗari, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wannan shi ne harafin farko na aikin duk wanda ya buɗe ƙofa ya rubuta mata sunan asibiti.

To daga ina batun takarda ya samo asali? Daga dokar fashi da makami ta zamanin mulkin soja a shekarun 1980, wadda ta wajabta wa asibitin da ya karɓi mai raunin harsashi ya sanar da 'yan sanda nan take. Abin da ta nema shi ne a sanar, ba ta ce a ƙi taɓa majinyaci ba. Amma da yake wasu likitoci sun sha kamu da tuhuma a hannun jami'an tsaro, sai tsoro ya juya umarnin ya koma kishiyarsa, har ya zama al'adar da sabon ma'aikaci ke tarar da ita ya gada ba tare da tambaya ba. Daga baya al'adar ta faɗaɗa, ta haɗa da wanda aka soka da wuƙa da wanda mota ta kaɗe.

Don a kashe wannan al'ada ne aka yi dokar 2017 mai tilasta yi wa waɗanda aka harba magani, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu. Ta ce kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya yi masa magani nan take, da izinin 'yan sanda ko babu, da kuɗin kafin alƙalami ko babu. Ta ba asibiti awa biyu daga fara magani ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ta hana 'yan sanda ɗauke majinyaci zuwa bincike sai babban likitan asibitin ya tabbatar ya samu sauƙin da zai iya. Ta ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo shi, kada a tsare shi da tambayoyin tozarci. Ta kuma tanadi ɗaurin shekara biyar, ko tarar naira dubu ɗari biyar, ga wanda sakacinsa ya jawo mutuwar da za a iya kaucewa, ko da jami'in tsaro ne. Duk da haka, a watan Oktoba na 2023 sai da Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Kayode Egbetokun, ya sake fitar da umarni yana jaddada abin da doka ta riga ta faɗa shekara shida da suka wuce. Dokar da sai an yi ta tuna wa mutane cewa tana nan, alama ce ba a ga wanda ta hukunta ba.

Bin doka a aikin gaggawa ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Na farko, a karɓi majinyaci, a buɗe masa hanyar numfashi, a tsayar da jini, a ɗaura masa ruwa. Idan ba ya cikin hayyacinsa kuma babu wanda zai ba da izini a madadinsa, ƙa'idojin aikin likita sun yarda a ceci ransa ba tare da jira ba. Na biyu, a sanar da hukuma cikin wa'adin da aka yanka. Na uku, a rubuta komai: lokacin da aka kawo shi, halin da yake ciki, abin da aka yi masa da wanda ya yi. Wannan rubutu shi ne garkuwar likita ranar da aka kira shi gaban alƙali, kuma Dokar Lafiya ta wajabta shi. Na huɗu, a riƙe sirrinsa. Ma'aikacin da ya ɗauki hoton wanda ya yi hatsari ya watsa a WhatsApp ya ci amana, ya kuma taka sashen dokar da ya kare bayanan majinyaci. Na biyar, idan aikin ya fi ƙarfin asibitin, a daidaita majinyaci tukuna, a kira inda za a tura shi, a haɗa shi da takardar bayani da ma'aikacin da zai raka shi. Nuna wa dangi hanyar babban asibiti daga bakin ƙofa kora ce, ko da an kira ta da wani suna.

Haka batun yake ga motar ɗaukar marasa lafiya. Farin fenti da jiniya ba su mayar da mota ta ceto ba. Motar da babu iskar numfashi a cikinta, babu abin ɗaure jijiya, babu ma'aikaci mai lasisi sai direba shi kaɗai, tasi ce mai ƙara. Sau nawa muke ganin irin waɗannan motoci sun fi yin jigilar gawa da kayan ofis a kan jigilar mai rai? Ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitin da bai horar da mai gadinsa da ma'aikacin katinsa ba, ya bar hukuncin rai da mutuwa a hannun wanda bai taɓa jin sunan sashe na 20 ba.

Masu asibiti suna da hujjojinsu, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa doka daban, ɗan sandan da zai zo da dare ya tafi da likita daban. Wannan tsoro yana da tushe, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma maganinsa shi ne rahoto a kan lokaci da rubutu mai kyau da ƙungiyar likitoci mai tsaya wa ɗanta, tare da hukunta jami'in da ya ci zarafin mai ceto. Ba daidai ba ne a biya bashin zaluncin ɗan sanda da ran wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Suna kuma cewa jini da allura da zaren ɗinki ba kyauta ake samun su ba, kuma asibitin da ke yi wa kowa magani bashi zai rufe. Wannan ma gaskiya ce, kuma a nan laifin ya koma kan gwamnati. Dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ware kashi biyar cikin ɗari na asusun don kulawar gaggawa. A kan wannan ne aka ƙaddamar da shirin NEMSAS a 2022, domin ya biya kuɗin ɗaukar majinyaci da kulawar awa 48 na farko. Gwamnatin da ta ɗora wa asibiti wajibi, dole ta sauke nata ta hanyar biya a kan lokaci da kai shirin kowace ƙaramar hukuma. Sai dai bashi ana bin sa gobe a ofis ko a kotu. Wanda ya mutu a bayan A Daidaita Sahu tsakanin asibiti na biyu da na uku, babu kotun da za ta dawo da shi.

Hujja ta uku ita ce mafi rauni: wai ƙila ɗan fashi ne. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, wa ya fi shan harsashi in ba manomi a gonarsa da matafiyi a kan hanya ba? Ko da ɗan fashin ne, likita ba alƙali ba ne, kuma tsarin mulki ya ɗauki kowa marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Mai laifin da aka ceto zai tsaya gaban shari'a, ya ambaci abokan aikinsa. Gawa ba ta ba da shaida. Malaman fiƙihu ma sun sanya kare rai cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa, ba su kuma gindaya sharaɗin takarda ba.

Ƙasar Indiya ta sha irin wannan matsala. A 1989 Kotun Ƙolinta ta yanke cewa wajibi ne kowane likita ya fara ceton wanda ya ji rauni kafin duk wata ƙa'idar 'yan sanda, a 2016 kuma ta ba ƙa'idojin kare masu taimakon waɗanda suka yi hatsari ƙarfin doka, sannan aka shigar da kariyar cikin dokar motoci a 2019. Abin lura shi ne, 'yan ƙasa ne suka kai ƙara har aka kai ga haka. Mu muna da dokokin tun tuni, abin da muka rasa shi ne masu ɗaukar su zuwa kotu.

Saboda haka abin da ake bukata a bayyane yake. A liƙa sashe na 20 da tanadin dokar 2017 a ƙofar kowane sashen gaggawa, da Hausa da sauran harsunan da jama'a ke ji, a boko da ajami, a kuma karanta su a gidajen rediyo. Hukumomin jihohi masu ba asibitoci lasisi su sanya horon ma'aikatan ƙofa da kayan ceto cikin sharuɗɗan sabunta lasisi, su kuma janye shi daga wanda ya kori mai zubar jini. Hukumar kula da aikin likitoci da ta ma'aikatan jinya su riƙa bayyana hukuncin da suka yanke. Majalisa ta sake duba tarar naira dubu ɗari, wadda a yau ba ta kai kuɗin tiyata guda ba. Lambar gaggawa ta 112 ta zama idan an kira ana ɗauka, kuma mota na zuwa. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi su tsaya wa iyalan da aka kora, domin hukunci ɗaya da aka ji labarinsa zai yi aikin da sanarwa ɗari ba ta yi ba.

Mu kuma sauran jama'a, laifi tudu ne. Muna taruwa a kan wanda ya faɗi, muna ɗaga waya muna ɗaukar hoto, kowa na tsoron kada a ce shi ne. Doka ta riga ta kare mai taimako. Sanin haka da faɗar sa da babbar murya a ƙofar asibiti na iya zama abin da zai sa a miƙo gadon ɗaukar majinyaci. Wanda aka ce ya kawo takarda yana da ikon ya amsa cikin ladabi cewa doka ta ba asibiti awa biyu ya sanar da 'yan sanda, kuma awa biyun ba sa fara ƙirguwa sai an fara magani.