Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan uwa malamai, akwai wata al'ada a makarantunmu na sakandare da ya kamata mu dube ta da idon basira. Idan gasar wasanni ta shekara ta matso, sai a tara ɗalibai ana saura kwana uku, a zaɓi masu dogayen ƙafafu, a ce su ne 'yan gudun yada-ƙanin-wani. Ranar gasa a sake su cikin rana su ratsa gonaki da kwazazzabai, wasu su iso suna amai, wasu a ɗauko su a babur. Mu malaman firamare ba 'yan kallo ba ne a nan: yaran da muka yaye ne, wasu ma 'ya'yan cikinmu ne.

Gudun dogon zango ba ya son gaggawa. Zuciya da huhu sukan saba da wahala cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi sun fi su jinkiri. Shi ya sa yaron da aka jibga wa gudu farat ɗaya yake ƙarewa da ciwon ƙwauri ko na gwiwa.

Waɗanda suka yi fice a wannan fage da jadawali suka yi. A makarantun sakandaren Amurka, inda tseren yawanci kilomita 5 ne, ana gasa daga wajen Satumba zuwa Nuwamba, amma atisaye tun dogon hutu yake farawa. A Kenya kuwa, makarantar St. Patrick da ke garin Iten ta shahara ne saboda wani malami ɗan ƙasar Ayalan, Colm O'Connell, wanda ya isa can a 1976 don koyar da labarin ƙasa. Shi ya horar da David Rudisha, wanda ya kafa tarihin gudun mita 800 a Landan a 2012. A gida ma, 'yan gudun Filato sun nuna cewa ba ƙafa muka rasa ba, tsari muka rasa.

Shawarata ita ce a ware mako 10 kafin kowane babban tsere. Makonni huɗu na farko a yi sassarfa, wadda yaro zai iya magana yana cikinta, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Makonni biyar na biye a shigo da gudun sauri da hawan tudu sau biyu a mako, kowace ranar wahala a bi ta da ranar sauƙi. Makon ƙarshe a rage, jiki ya huta. Kada a yi tsere fiye da ɗaya cikin mako biyu.

Sai batun lokaci. A Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan haura digiri 40, ga jarrabawar WAEC tafe. Don haka atisaye ya fara a zangon farko, da sassafe, a yi gasa cikin sanyin hunturu, ranar da ƙura ta yi kauri kuma a ɗaga wa masu asma ƙafa. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 a farkon Maris ya kama, yana kuma nufar Janairu, saboda haka dole a riƙa sake duba jadawalin duk shekara. A tanadi ruwan sha da abin karin kumallo, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wasu iyaye za su ce wannan zai ci lokacin karatu. Minti 40 sau huɗu a mako bai kai asarar yaron da ya kwanta jinya mako biyu ba.

Ina kira ga reshenmu da ya kai wa hukumomin ilimi buƙatu biyu: a rubuta makonnin atisaye cikin kalandar makaranta, kuma a biya malamin wasanni ladan wannan ƙarin aiki. Shugaban makarantar da bai ga jadawali ba, kada ya yarda a hura usur.