Mussa ta bar kamun kusu, mu kuma muna jifar mujiya



Yanzu da anka kai hatsi gida, kukan da muke ji ko'ina guda ne: kusu ya yi yawa, mussa kuma ta zama ƴar kallo. Kowa na da labarin daren da ya haska fitila bisa jibji ya ga mussa na cin tuwon da anka zubar, ƙaton ɓera na cin nashi gefenta, ba mai kula wani. Tsofaffi su ce zamani ne ya lalace, har dabbobi sun bar halinsu. Mu dai muna ganin mussa ba ta canza ba. Gidajenmu da unguwanninmu ne sunka canza.

Mussa ba ta son farautar da za ta jawo mata rauni. Ƙaramin kusu bai fi giram 30 ba, tsalle guda ta gama da shi. Babban ɓera yana cizo, gafiya ko ta kan wuce kilo guda. A shekarar 2018 masu bincike a birnin Niyok na Amurka sunka kafa kyamara a wata ma'ajiyar shara mai ɓeraye wajen 150, inda kyanwoyi ke shiga da fita. Cikin kwana 79, ɓera biyu tak kyanwoyin sunka kashe. To ina ga tamu, wadda ke samun ƙashin kifi da ɗumame a kowace kwana ta unguwa? Wa zai yi kokawa da mai haƙori alhali ga abinci a zube?

Kuma ɓeran ma ba duka ba ne na gargajiya. Binciken da cibiyar Agrhymet da abokan aikinta sunka fitar a 2014 ya nuna baƙin ɓera, wanda baƙo ne a ƙasar nan, ya kafu a Yamai wajen kasuwanni da tashoshin mota da masana'antu. Cikin kaya yake tafiya, ba ya biyan kuɗin mota.

Wannan ba ya nufin a kori mussa. A ƙasar Iswatini an gwada gidaje 40 na ƙauye, anka ga inda kare da kyanwa suke tare ɓera ya fi rage fitowa kiwo. Tsoro kaɗai yana aiki, ko ba a yi kisa ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda muke yi da mafarautan gaskiya. Mujiya guda tana cin kusu uku ko huɗu a dare, in tana da ɗiya abin ya fi haka nesa. A cikin shekara, gida guda na mujiya yana ɗauke dubbai. Manoman kwakwar manja a Maleshiya har akwatuna suke kafa mata bisa sanda don ta zo ta yi sheƙa. Mu nan fa? Da rana mujiya na laɓe cikin bedi ko tsamiya, sai hankaki da ƙananan tsuntsaye, waɗanda da dare su ne abincinta, su gano ta su taru kanta da ihu. Abin kallo ne, na ƙasa ya samu ranar rama wa na sama. Amma ihun nan shi ke kiran yara, su zo da danƙo da duwatsu, manya na zaune suna cewa ku kashe mayya. Malamanmu sun sha gaya muna Manzon Allah (SAW) ya kore camfin tsuntsaye, har da na mujiya. Mun ji wa'azin, mun ce amin, jifa kuma ba mu bari ba.

Haka jaba. Saboda wari da tsinin baki muke bin ta da taɓarya, alhali ita ba ɓera ba ce, ba ta gurgurar buhu. Kyankyaso da gyare da tsutsa take bi. Tsaka ma ƙwari take ci a jikin bango, bushiya kuma har kunama tana tauna.

Sannan mu tafi kasuwa mu sawo guba a ƙullin leda, ba suna ba bayani. Da yawa cikin magungunan nan ba sa kashewa nan take, sai ɓera ya yi kwanaki yana tangaɗi jini na zuba cikinshi. Wanga ɓera mai jan jiki shi ne mussa malalaciya za ta iya kamawa a ƙarshe, shi ne kuma mujiya za ta fara gani. Su ci, gubar ta bi su. Ɓera na haihuwa bayan sati uku da ɗaukar ciki, mujiya kuwa sai a daɗe ba a mayar da gurbinta ba, shi ya sa bayan wata biyu da zuba maganin sai gida ya fi da cika. Ba mu ma yi maganar kaji da ke tsattsage hatsin da anka cuɗa da guba ba, balle yaro mai rarrafe.

Mun sani wanda ɓera ya huda ma rumbu ba zai zauna jiran mujiya ba, kuma yana da gaskiya, damin da ya tafi ba ya dawowa. Sai dai tarko na nan, na ƙarfe da na tukunya, kuma ba ya kashe abin da ba a ɗana don shi ba in an ajiye shi inda ya dace. A liƙe ramu, a ɗaga buhu daga ƙasa, a rufe sauran tuwo. In gubar ta zama dole, a sa ta inda hannu da baki ba sa kaiwa, da safe a tsince gawar ɓerayen a bizne su da zurfi, kar a jefa bayan katanga.

Magadan gari kuma su dubi jibjin da ke bakin kasuwanni da tasha, don nan ne gidan haihuwar. Gidajen rediyonmu da ke da filin noma da kiwo, muna roƙon su ware ko minti goma su gayyato ma'aikacin gandun daji da malami guda, a zauna a yi maganar mujiya kafin yara su samu hutun lakwal.