A hutun nan, mu koyi karanta lambobi biyu

A gidajenmu mu ake miƙa wa waya idan ta rikice, mu ake kira mu karanta takardar magani. To, akwai aikin da ya kamata mu ƙara a kai, wato auna wa iyayenmu hawan jini.

Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum kan yi shekaru da shi bai ji ko ciwon kai ba, alhali yana gajiyar da zuciya, yana lalata ƙoda da jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa, har wata rana a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Awo kaɗai ke tona asirinsa.

Tun a 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da maɗaurin damtse da ake hura wa iska. Yau na'ura mai batir ke yin aikin da kanta, ta nuna lambobi biyu. Ta sama ƙarfin turin jini ce a jikin jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa lokacin da ta saki. Ƙasa da 120 bisa 80 shi ake so. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a ranaku biyu daban-daban, sai a ga likita. Idan aka ga 180 bisa 120, ga ciwon ƙirji ko harɗewar harshe, a nufi asibiti nan take.

Awon yana da ƙa'ida. Kada Baba ya ci goro, ko ya sha shayi ko sigari, rabin awa kafin nan. Ya zauna minti 5 ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. A ɗaura a fatar damtse, ba a kan hannun riga ba, kuma ban da hira. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya, a rubuta a littafi tare da kwanan wata. Maɗaurin da ya yi wa damtse kaɗan yakan nuna lamba fiye da gaskiya.

Namu dai awo da rubutu, canza magani na likita ne. Inda aka fi samun matsala shi ne Inna ta ga lamba ta sauka ta ajiye ƙwayoyinta, alhali su suka saukar da ita. Mu lallaɓa ta cikin ladabi ta ci gaba da sha, mu kuma raka ta asibiti da littafin nan a hannu.

Mu ma mu miƙa namu damtsen, domin ƙuruciya ba rigakafi ba ce. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.