Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Zamfara Kan Tseren Ratsa Daji da Yaran Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Zamfara, Dakta Dauda Lawal,
Gidan Gwamnati, Gusau.



Maƙasudin wannan takarda shi ne jawo hankalin Mai Girma Gwamna ga sakamakon Gasar Duniya ta Tseren Ratsa Daji, da abin da za a iya ɗauka daga gare shi domin yaran Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda rashin tsaro ya raba da yawansu da makaranta da gona da dandalin wasa. Tseren ratsa daji gudu ne na dogon zango da ake yi a kan ƙasa yadda Allah Ya halicce ta, wato a ciyawa da yashi da taɓo da hawa da gangara, saɓanin gudun da ake yi a shimfiɗaɗɗiyar da'irar filin wasa ko a kan kwalta. An fara gasar tsakanin ƙasashe ƙalilan a Sikotland a 1903, sannan hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta karɓi ragamarta a 1973 a garin Waregem na Beljiyam, kuma tun daga 2017 manya, maza da mata, kilomita 10 suke gudu, samari 'yan ƙasa da shekara 20 suna yin kilomita 8, 'yan mata kuma kilomita 6.

A gasar da aka yi a Belgrade, babban birnin Sabiya, ranar 30 ga Maris 2024, Jacob Kiplimo na Yuganda ne ya zo na ɗaya a cikin maza, Berihu Aregawi na Habasha yana biye da shi, Benson Kiplangat na Kenya ya zo na uku. A ɓangaren mata Beatrice Chebet ta Kenya ce ta yi nasara, kuma sai da matan Kenya biyar suka tsallake layin ƙarshe kafin wata daga wata ƙasa ta iso, ko da yake daga baya an dakatar da ɗaya daga cikinsu bisa laifin amfani da magungunan ƙara kuzari, annobar da ta daɗe tana zubar da mutuncin wasannin Kenya. Kiplimo da Chebet su ne kuma suka lashe gasar Bathurst ta Ostireliya a 2023. Watanni kaɗan bayan Belgrade, Chebet ta ci zinariya biyu a gudun mita 5,000 da na mita 10,000 a wasannin Olamfik na birnin Paris, Joshua Cheptegei na Yuganda, wanda ya lashe tseren ratsa daji na duniya a 2019, ya ci zinariyar mita 10,000 ta maza, Aregawi ya ci azurfa, ita kuwa Najeriya ta dawo gida daga Paris hannu rabbana.

Hanyar da ake bi wajen fitar da sakamakon ƙasashe ta fi sunayen zakarun muhimmanci ga mai tunanin manufa. Kowace ƙasa tana iya tsayar da 'yan gudu shida, sai a tara lambobin matsayin huɗun da suka fara isowa daga cikinsu, ƙasar da jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara. A Kampala a 2017 matan Kenya sun kama matsayi na ɗaya har zuwa na shida, Irene Cheptai tana kan gaba, suka tashi da maki 10, wanda shi ne mafi ƙarancin da lissafi zai iya bayarwa. Ƙasar da take da gwarzo guda ba za ta kai ga irin wannan ba, kuma mazan Kenya da suka riƙe kambun ƙungiya shekara 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003, sun riƙe shi ne domin a bayan kowane zakara irin John Ngugi ko Paul Tergat akwai ɗimbin matasa da suka taso suna tsere tun daga firamare.

Makaranta ce tushen abin. A garin Bekoji na Habasha wani malamin motsa jiki, Sentayehu Eshetu, shi ne ya fara horar da Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba a filaye da kurmin bayan gari, kuma Bekele ya zo ya lashe dogon tsere da gajere a gasar duniya shekara biyar a jere, daga 2002 zuwa 2006. A garin Iten na Kenya sakandaren St Patrick ce ta zama matattarar zakaru bayan zuwan malamin nan ɗan ƙasar Ailan, Colm O'Connell, a 1976, wanda darasin labarin ƙasa ya zo koyarwa. Yuganda kuwa ba ta taɓa cin zinariya a wannan gasa ba sai a 2017, lokacin da Kiplimo, yana ɗan shekara 16 daga ƙauyukan gangaren Dutsen Elgon, ya lashe tseren matasa a gaban mutanen ƙasarsa, kuma bayan shekara biyu kacal mazan Yuganda suka ɗauki kambun ƙungiya a Aarhus ta Denmak. A duk wuraren nan uku malami da fili da gasar shekara-shekara ne suka riga gine-gine zuwa.

Najeriya ta yi suna a gajeren gudu da tsalle, daga zinariyar Chioma Ajunwa a 1996 zuwa tarihin duniya da Tobi Amusan ta kafa a 2022, amma ba ta taɓa samun lambar yabo a tseren ratsa daji na duniya ba, kuma manyan kyaututtukan gudun famfalaki na Legas da tseren Okpekpe na jihar Edo galibi 'yan Kenya da Habasha ne suke kwashe su. Mafi yawan 'yan dogon gudun da ƙasar take da su daga jihar Filato suke fitowa. Arewa maso yamma, inda yaro yake bin shanu wuni guda ko ya taka kilomita da dama zuwa gona da kasuwar ƙauye, kusan ba a taɓa auna abin da take da shi ba, kuma abin takaici ne a ce yankin da ya raya dambe da kokawa da langa da kansa ya kasance ba shi da tsayayyen tsarin gano yaron da Allah Ya ba dogon numfashi.

Masana za su ce, kuma da gaskiyarsu, Iten tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,400 daga doron teku, Bekoji ta fi haka, alhali Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba su kai mita 500 ba. A kan tudu iska ba ta da kauri, don haka jikin mazaunin can yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar numfashi, abin da yake ba shi fifiko idan ya sauko ƙasa. Saboda haka wannan wasiƙa ba ta yi wa kowa alkawarin zinariyar kilomita 10 ba. Sai dai tseren ratsa daji shi ne harsashin duk gudun da ya kama daga mita 800 zuwa sama, kuma Sudan, ƙasar zafi da fako irin Zamfara, ta fitar da Abubaker Kaki daga Kurdufan, wanda ya zama zakaran duniya na mita 800 a rufaffen fili a 2008 da 2010, da Ismail Ahmed Ismail wanda ya ci azurfar Olamfik a Beijin a 2008. Ko da a ce ba a samu zakara ba, yaron da ya wakilci jiharsa a Gasar Matasa ta Ƙasa ko Bikin Wasanni na Ƙasa ya samu ƙofar karatu da ta aikin soja, 'yan sanda, kwastan da sauran hukumomin da suke ɗaukar 'yan wasa.

Babbar tambaya ita ce ta tsaro, kuma ba mai hankalin da zai nemi a tura ɗalibai gudu wajen dajin Sububu ko Dumburum, ko ya manta da sace 'yan matan Jangebe 279 a watan Fabrairun 2021 da rufe makarantun jihar a watan Satumbar waccan shekarar. Amma duk da sunansa, tseren duniya ba a cikin ƙungurmin daji ake yin sa ba. Ana shata da'ira ce mai tsawon kimanin kilomita 2 a zagaya ta sau biyar, ta yadda alƙalai da 'yan kallo suna ganin 'yan gudu kusan daga farko har ƙarshe. A Kampala filin bukukuwa na Kololo da ke tsakiyar birni aka yi amfani da shi, a Belgrade lambun shaƙatawa na bakin kogi, a Aarhus kuwa har ta kan rufin wani gidan tarihi mai ciyawa aka bi. Da'irar kilomita 1 ko 2 za ta samu a harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda idan gwamnatin jiha ta nemi haɗin kan hukumominta, za ta kuma samu a filayen sakandare da filayen Idi na cikin garin Shinkafi da Zurmi da Moriki. Kayan aikin su ne igiya da turaku da farar ƙasa da usur da agogo da littafin rajista, kuma a tsere irin wannan dokar wasa ba ta hana yaro gudu ba takalmi ba.

Don haka roƙon da ake gabatarwa shi ne Mai Girma Gwamna ya umarci ma'aikatun ilimi da na matasa da wasanni su kafa gasar tseren ratsa daji ta makarantu a waɗannan ƙananan hukumomi uku, a matsayin wani sashe na dokar ta-ɓaci da ya ayyana a kan ilimi a watan Nuwamban 2023, a kuma sa ta cikin kalandar karatu da kasafin kuɗi domin kada ta zama bikin shekara guda. Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, bayan an kammala kaka, da sanyin safiya, a kuma kauce wa azumin Ramadan a shekarun da ya faɗo cikin waɗannan watanni. Tun da hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Ƙaura zuwa Zurmi su ne wuraren haɗari, kowane gari ya yi nasa tseren a cikinsa, sannan 'yan gudu shida-shida na kowane rukuni su haɗu a Ƙaura Namoda, inda hanyoyin biyu suke gamuwa, bisa rakiyar jami'an tsaro da yardar iyaye. Shekarar da hanya ba ta ba da dama ba, a tsaya a matakin gari ba tare da jin kunya ba. Ya kamata a buɗe rukuni ga almajirai da 'ya'yan 'yan gudun hijira da 'ya'yan makiyaya, domin ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani su tsaya a layi ɗaya a ƙungiyar gari ɗaya, inda makin kowannensu yake ɗaga ɗan'uwansa, kuma masarautun yankin su ne mafi cancantar yin wannan kira.

Akwai sharaɗin da ba za a tsallake ba, wato lafiyar yaran. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya ta jihar a 2024 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi yana fama da tamowa, kuma yayyen waɗannan yara daga tukunya ɗaya suke ci. Zalunci ne a sa mai jin yunwa gudu, don haka ciyarwa a kwanakin atisaye da ranar gasa tana cikin kuɗin da dole a ware tun farko. Haka nan wajibi ne ma'aikacin lafiya ya duba kowane yaro, a gano mai cutar sikila ko asma ko ƙarancin jini, a rage zango gwargwadon shekaru, a tanadi ruwan sha da inuwa. Zafi ba ya barin ko gwarzo: a Mombasa a 2007 Kenenisa Bekele da kansa ya kasa ƙarasa tsere saboda zafi da gumi, Zersenay Tadese na Iritiriya ya karɓe kambun.

Batun 'yan mata yana bukatar hikima da shawarar malamai da iyaye, amma barin su a baya asara ce, ganin cewa rabin lambobin yabon gasar duniya nasu ne. Dokokin wasan ba su tilasta wa mace tsiraici ba, kuma Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinariyar mita 200 a wasannin Asiya na 2006 sanye da hijabi da dogon wando. Ana iya shirya nasu tseren a cikin katangar makarantunsu, ƙarƙashin kulawar malamai mata, a gaban iyayensu mata.

Abin da ya rage shi ne rubutu. A riƙa adana sunan kowane ɗan gudu da makarantarsa da matsayinsa da shekarunsa kamar yadda suke a rajistar makaranta, domin rage shekaru ya daɗe yana lalata wasannin matasa a Najeriya, kuma babba ɗaya da ya shiga tseren yara ya isa ya kashe gwiwar aji guda. A aika sakamakon kowace shekara ga Hukumar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Najeriya da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, a nemi su turo masu horarwa su koyar da malaman motsa jiki na yankin a lokacin hutu, kuma kyautar waɗanda suka yi fice ta zama ɗaukar nauyin karatu da kuɗin jarrabawa da takalman gudu maimakon tsabar kuɗin da za su ƙare a kasuwar mako. Ana roƙon Mai Girma Gwamna ya sa a fara da tseren gwaji guda a Ƙaura Namoda a hunturu mai zuwa, ya kuma halarta da kansa ya busa usur ɗin farko.

Allah Ya ba Zamfara lafiya da zaman lafiya, Ya taimaki Mai Girma Gwamna. Wassalam.