Wayar Da Ke Bayan Gidana

Tun ran da Edita ya ce in rubuto wani abu na ke ta juya magana a zuci, daga bisani na ga ba abin da ya fi in amsa tambayar da 'yan ajina suka dame ni da ita. Kullum suka bi ta bayan gidana sai su ga wata waya ta miƙe daga bishiyar mangwaro zuwa kan wata doguwar gora, su ce, "Malam, wannan igiyar shanya ce?" To, ba ta shanya ba ce. Eriya ce, kuma da ita na ke gaisawa da mutanen da ke bayan teku, ba da taimakon kamfanin waya ba, ba da sayen kati ba. Abin da na ke so in faɗa a wannan takarda shi ne, wannan sha'awa ta dace da mai shirin zama malami ƙwarai, har ina ganin ya kamata kwalejinmu ta ba ta ɗaki.

Bari in fara da bayyana ko mene ne abin. Kowa ya san gidan rediyo, inda mutum ɗaya ke magana dubbai na saurare. Rediyon sha'awa ba haka ya ke ba. Mutum ne a ɗakinsa, da na'urar da ke iya aikawa ta kuma karɓa, ya yi kira, wani a wata ƙasa ya amsa, su yi taɗi. Ba a sa waƙa, ba a talla, ba a ciniki, ba a kuma magana a ɓoye da zaurance, gama ƙa'ida ce duk abin da ka faɗa kowa ya iya ji ya gane. Ba wanda zai aika da ko kalma ɗaya sai gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lasin da lambar kira. Farkon lambar nan shi ke nuna ƙasar mutum. Ta Nijeriya ta kan fara da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ, ta Cadi TT, ta Sudan ST. Da jin lamba ka san inda mai magana ya ke, ka duba taswira.

Masu ganin abin wasa ne, su saurari tarihinsa. A watan Disamba na 1901 Markoni ya tsaya a tsibirin Niyufanlan, wanda yanzu ya ke cikin Kanada, ya karɓi alamar harafin S da aka bugo masa daga Ingila ba tare da waya ba. Daga nan samari suka dinga harhaɗa na'urori a gidajensu, har suka cika iska da hayaniya. A 1912 Amurka ta yi doka ta kore su daga dogon zango, ta ce su tsaya daga mita 200 zuwa ƙasa, domin a lokacin masana na ɗaukan gajeren zango ba shi da wani amfani. Watau an ba su kango ne don su bar wa manya gona. Ashe kangon nan shi ne fadama. A watan Nuwamba na 1923 wani Bafaranshe, Leon Deloy, da ke birnin Nis, ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka a kan wajen mita 110. Shekara ta zagayo, a Oktoba na 1924, wani saurayi ɗan shekara 18, Cecil Goyder, ya zauna gaban na'urar makarantar Mill Hill a Landan, ya sadu da Frank Bell a Niyu Zilan, can ɗaya gefen duniya. Ku lura, na'urar makaranta ce. Gajeren zangon da iyayenmu suka yi ta kama labarun duniya a kansa, 'yan sha'awa na cikin waɗanda suka fara nuna nisan da ya ke kai wa. A 1925 suka taru a Faris suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, shi ya sa ko wace shekara ran 18 ga Afrilu a ke bikin ranarsu.

Ƙaƙa murya ke ƙetare teku alhali duniya a dunƙule ta ke? Can sama, kilomita ɗaruruwa bisa kanmu, akwai wani sashen iska da hasken rana ke cika shi da lantarki. In saƙon gajeren zango ya hau ya same shi, sai ya tanƙwaro ya dawo ƙasa a wuri mai nisa, ya sāke tashi, kamar yadda yaro kan wurga faffaɗan dutse bisa ruwa ya yi ta tsalle. Da ya ke rana ce ke sarrafa abin, zangon da ya yi kyau da hantsi ba lalle ya yi kyau da dare ba. Har ma rana tana da nata juyi na kimanin shekara 11, wani lokaci hanya ta buɗe sarai, wani lokaci ta yi nauyi. Na shekara ina karantar da wannan a kan allo, amma ban gane shi sosai ba sai daren da na ji muryoyin Turai suna dusashewa, na Barazil suna tasowa a madadinsu.

Yanzu ga labarin ɗakin. Kada ku zaci wani babban gini ne. Sito ne, inda uwargida ke ajiye buhun gari da tsofaffin tukwane. Da na roƙe ta, sai ta ce, "Malam, in dai ba za ka ƙone mana gida ba, ɗauki rabi." Rabin nan na sa tebur mai ƙarfi kusa da taga, don wayar eriya ta shigo ba tare da doguwar tafiya ba, na kafa katako biyu a bango na jera kaya. Shekara biyu cur ban aika da kome ba, saurare kawai na ke yi da wata tsohuwar rediyo da na saya hannun mai gyara a kasuwa. A nan na koyi ladabin wurin: ka saurara tukuna kafin ka yi kira, ka faɗi lambarka, ka taƙaita magana, ka bar wa wani fili. Sa'an nan na bi hanyar da doka ta tanada na sami lasin.

Wuta ita ce matsala ta fari, kowa ya san halinta a ƙasar nan. Amma yawancin na'urorin nan da batir mai bolt 12 su ke aiki, irin na mota. Sabo da haka na sa batir ɗaya da faifan sola a kan rufi, na huta. Har na ga wani abin mamaki: ran da aka ɗauke wuta a unguwa, ran nan na fi jin nesa, don ƙarar da fitilu da cajojin waya ke zubawa cikin iska ta yi shiru.

Eriya kuwa ba saye na yi ba, lissafi na yi. Saƙon rediyo na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. In ka raba 300 da yawan kaɗawar saƙon, watau megahaz 14, za ka sami wajen 21, shi ya sa a ke kiran wurin zangon mita 20. Eriya mai sauƙi rabin zango ta ke, a rage kaɗan. Ƙa'idar ita ce ka raba 143 da megahaz ɗin, sai ka sami kimanin mita 10. Ka yanke wayar jan ƙarfe gida biyu, mita 5 ko wane gefe, ka haɗa wayar da za ta shiga ɗaki a tsakiya, ka ɗaga ta sama iyakar iyawarka. Shi ke nan. Da wannan waya da 'yan ajina ke yi wa dariya na fara samun amsa daga wani dattijo a Italiya. Hannuna na rawa na rubuta lambarsa. Bayan wata uku sai ga katinsa ta gidan waya, gama al'adarsu ce su aika wa juna kati shaidar sun sadu. Yana nan manne a bango.

Kada in faɗi daɗin in ɓoye ɗacin. Abu biyu ke kashe mutum a wannan sha'awa, wayar lantarki da tsawa. Kada ka kuskura ka ɗaura eriya kusa da wayar wuta, ko inda in gora ta faɗi za ta taɓa ta. Ka kafa turken jan ƙarfe mai tsawon wajen mita biyu da rabi cikin ƙasa mai laima a gindin taga, ka haɗa na'urarka da shi da waya mai kauri. In ka gama aiki, ko ka ji hadari, ka cire eriya daga jikin na'ura ka fitar da bakinta waje. Ni na san wannan duka, amma wata ranar Laraba cikin damina na yi gaggawar zuwa aji na bar ta a haɗe. Aradu ta faɗi can kusa da filin ƙwallo, ba ma a gidana ba, duk da haka na komo na tarar da ɗakin na warin ƙuna, tsohuwar rediyon nan ta mutu. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Uwargida ba ta ce kome ba, kallona kawai ta yi, kallon kuwa ya fi magana zafi. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ban da wannan, a ƙasa mai ruwa irin wadda mu ke zaune, laima na sa tsatsa a mahaɗin waya, sai a riƙa dubawa ana naɗe su da kyau. Ka kuma ajiye littafi ka rubuta ko wace saduwa, da agogon da aka saita bisa lokacin Girinwic, wanda namu ya fi shi da awa ɗaya.

Na san abin da waɗansu za su ce. Na fari, "Malam, ga waya a aljihun kowa, me ya kai ka wannan wahala?" Gaskiya ne, ni ma ina da ita. Amma wayar aljihu bara ta ke yi wa dogon ƙarfen kamfani, shi kuma yana jingine da wuta da wayoyin ƙarƙashin teku. Ran 14 ga Maris 2024 waɗansu daga wayoyin nan suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, mutane suka yi cirko-cirko a bankuna. A Disamba na 2004 kuma, sa'ad da igiyar teku ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, wata mata mai suna Bharathi Prasad da 'yan'uwanta 'yan sha'awa suna can da na'urorinsu, su suka riƙa isar da saƙon jama'a da hanyoyin waya suka yanke. Mu da muka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 a bakin Kwara da Binuwai, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Ban da haka, mai waya amfani kawai ya ke yi da ita, bai san cikinta ba. Mai ɗakin rediyo kuwa dole ya sani.

Na biyu su ce tsada. Sabuwar na'ura tana da tsada, ba na musu. Amma wa ya ce da ita za a fara? Rediyon farko da yaro zai harhaɗa, waya ce a naɗe a jikin kwali, da ɗan ƙaramin diyod, da abin sa wa a kunne, ba ta ko bukatar batir. Yanzu ma akwai wata 'yar na'ura kamar ɗan yatsa da a ke soka wa kwamfuta, ta mai da ita rediyon saurare. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa, ba ya fi ƙarfin ƙungiya ba.

Na uku shi ne mai nauyi, watau zargi. A zamanin da tsaro ya dami kowa, mutum da eriya da na'urar magana abin a duba ne. Sa'ad da na ke zaune cikin gari, maƙwabta sun kai ƙarata wurin mai unguwa. Ban yi fushi ba, don suna da hujja. Na ɗauki lasin da littafina na je na ce, "Ranka ya daɗe, ga takardar gwamnati, ga kuma sunan duk wanda na yi magana da shi. In ka yarda, ka zo ka ji da kunnenka." Ya zo, ya ji, ya tafi yana dariya. Maganin zargi shi ne lasin da buɗaɗɗiyar ƙofa. Wanda ya sayi na'ura ya kama aikawa ba izini, ya karya doka, ya kuma ɓata sunan sauran.

To, ga roƙona. Mu nan malamai mu ke horarwa. Ɗalibin da ya haddace dokar Om don jarrabawa, bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, in ya fita zai koyar da haddar nan ce ga yara sittin, su ma su miƙa ta gaba. Amma wanda ya auna waya da hannunsa, ya yi kuskure, ya gyara, ya ji ta yi magana, wannan ba zai tsaya gaban allo yana inda-inda ba. A ɗaki ɗaya zai sami kimiyya, da lissafi, da labarin ƙasa, da Turanci, har da Faransanci in ya juya wajen maƙwabtanmu. Tun 1958 'yan sikawut na duniya ke gaisawa ta rediyon sha'awa ko wace shekara. Tun 2000 'yan makaranta a ƙasashe da yawa ke yi wa mazauna tashar sararin samaniya tambayoyi ta wannan hanya. A 2018 Ƙatar ta harba tauraron ɗan Adam mai ɗauke da na'urar 'yan sha'awa, wanda Afirka duka ke ƙarƙashin inuwarsa. Ƙofa a buɗe ta ke, mu ne ba mu shiga ba.

Ina roƙon hukumar kwaleji ta ba mu ɗaki ɗaya mai taga da makulli, ko da sito ne. Ni zan kawo kayan aikina da abin da na sani. Shekarar fari saurare da harhaɗawa kawai za mu yi, mata da maza, sa'an nan mu nemi lasin da sunan ƙungiya bisa ƙa'ida. Wanda ya ke so ya gani kafin ya sa suna, ya zo gidana ran Asabar bayan la'asar, in ba hadari. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.